Premier, Ludwig ko ta Japan: Wace Tsohuwar Ganga Za Ka Saya a Kaduna?

Ɗan ƙanwata ne ya same ni da yammacin wata Asabar cikin hunturun da ya wuce, wayarsa cike da hotuna. Shekara huɗu ke nan yana kaɗa gangar Turawa, amma ta aro, yau a wurin biki a Barnawa, gobe a ɗakin ɗaukar waƙa a Unguwar Rimi, ya gaji da jiran sai mai kaya ya ga dama. Ya tara 'yan kuɗinsa. Sabon saiti mai kyau ya fi ƙarfin aljihunsa, wanda aljihun zai iya ɗauka kuwa irin wanda ƙafafunsa ke fara rawa tun bai ga damina biyu ba ne. Sai ya koma neman na hannu, ya kuwa samo uku: wata Premier a siton wata tsohuwar makaranta, wata Ludwig da ba ta cika ba a wurin wani mai kayan gwanjo, da wata Pearl, ta kamfanin Japan, ta wasu makaɗa da suka watse a Sabon Tasha.

Ya ce, "Kawu, wacce zan ɗauka? Kowa cewa yake Ludwig, ita ce mai suna."

Na ce, "Ɗana, ba a sayen ganga a hoto. Nemo tef ɗin awo da tocila da maganaɗisu, ranar Litinin mu zaga."

Ba abin mamaki ba ne irin waɗannan kaya su ɓuya a Kaduna. Garin ya riƙe hedikwatar Jihar Arewa har 1967, gari ne na barikoki da 'yan badujala na soja da na 'yan sanda, ga makarantun mishan, ga majami'u, ga kulob-kulob na ma'aikatan jirgin ƙasa da na masaƙun Kakuri. Duk inda aka taɓa ajiye makaɗa akwai sito, kuma da wuya ka shiga ƙuryar siton ba ka tarar da abin da aka manta ba.

Ni idan aka ajiye mini tsohuwar ganga, ƙarfen nake fara dubawa kafin katakon. Dalilin kuwa, katako yana gyaruwa a garin nan. Kafinta mai natsuwa da farin gam da maɗauri zai mayar da falle ɗin da ya ɗaga. Amma gidan notin da ya fashe, wato ƙarfen jikin ganga da notin ɗaure fata ke shiga, ko hannun da ke riƙe tom, wato ƙaramar gangar da ke saman babbar, da ya ɓace, ko fatar da babu girmanta a kasuwa, su ne ke mayar da saiti kayan kallo. Saboda haka tambayata a kan kowacce daga cikin ukun nan ɗaya ce: idan abu ya karye ranar Juma'a da dare, za a iya kaɗa ta ranar Asabar?

Da Premier muka fara. Wani dattijo mai kula da siton ya buɗe mana, ƙura ta tashi, sai ga ta a jingine bayan karyayyun bencina. Tun kafin in kai hannu na ga abin da ya sa nake ƙaunar kayan wannan kamfani: ɗan ƙanwata ya shafa zoben ƙarfen da ke danne fata da gefen rigarsa, kurom ɗin ya fito yana ɗaukar ido kamar jiya aka zuba shi. An kafa Premier a Landan a 1922, daga baya ya koma Wigston kusa da Leicester, kuma duk wanda ya saba da tsofaffin ganguna ya san ba a cika samun ruwan kurom mai jure shekaru kamar nasa ba. Zobunansa na zubi ne, masu nauyi, ba sa lanƙwashewa da wuri. Jikin gangar siriri ne, yawanci na wani farin itace mai tauri na ƙasashen sanyi da ake kira bac, an ƙarfafa bakinsa da zoben katako ta ciki. A shekarun 1970 sun yi wasu da mahoganin Afirka, wato dangin madacin nan namu. Idan ka ga bajon suna da ke jikin gangar ya ce Olympic, kada ka raina. Ƙanwar Premier ce, masana'anta ɗaya, an dai rage mata kayan ƙarfe don ta yi araha.

Alama ta farko da za ta gaya maka tsohuwar Premier ce ita ce kan notin ɗauri. Gangunan Amurka da na Japan kan notinsu mai kusurwa huɗu ne, makulli ɗaya ke kwance su duka. Na Premier tsaga gare shi, kamar na sukudireba. Tsofaffin Sonor na Jamus ma haka suke. Idan makullin asali ya ɓata, mutane sukan kama sukudireba, ta zame ta karce zobe ko ta huda fata, tsagar kuma ta yi ta buɗewa har ta cinye. Wannan ƙaramar matsala ce, mai injin sassaƙa ƙarfe zai yi maka makulli cikin awa guda idan ka kai masa noti ɗaya.

Babbar matsalar tana wurin awo. Na ce wa dattijon, "Baba, a yi mana izini mu kwance fata ɗaya." Ya ce, "Bismillah, ai shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ta." Muka kwance ta babban tom mai tsayawa a ƙasa, na shimfiɗa tef daga baki zuwa baki: inci 16 da 5/16. Nan na san inda muke. Kafin ƙarshen shekarun 1960, Premier na yin wasu gangunansa da awon da ya saɓa da na sauran duniya. Wadda ake kira 12 ba ta cika 12 ba, 11 da 7/8 ce. Ta 16 ta ɗara 16. Babbar ta ƙafa ta 20 kuwa 19 da 5/8 ce. Bambancin bai kai faɗin yatsa ba, amma ya isa ya hana fatar robar da ake sayarwa a shago zama. Siniya ta inci 14, wato ƙaramar nan mai wayoyi a ƙarƙashi, ita ba ta da wannan larura. Kamfanin Remo yana yin fata ta musamman don waɗannan awon, sai dai ba abin da za ka shiga shago a Ahmadu Bello Way ka ɗauko ba ne, sai an yi maka oda daga waje, ka biya da kuɗin waje, ka jira. Makaɗin da ke fasa fata sau biyu ko uku a shekara ba zai rayu a haka ba.

Akwai wata hanya da mu muke da ita, wadda Bature ke nema da kuɗi. Kafin Remo ya fito da fatar roba a 1957, duk gangunan nan fatar maraƙi ake naɗe musu a kan siririn zoben katako. Masu ɗinkin kalangu da ganga a garuruwanmu ba su manta aikin fata ba. Idan tsohon zoben yana nan, za su jiƙa fatar akuya su naɗe maka daidai bakin gangar, ko awonta nawa ne. Sautin da ke fita yana da taushi da zurfi, roba ba ta kamo shi. Amma ka san abin da ka saya: cikin watan Agusta fatar za ta saki ta yi laushi, sai ka yi ta ɗauri, da hunturu ya shigo kuma za ta ɗame da kanta, idan ka bar ta a ɗaure ka kwana, da safe kana iya tarar da ita a tsage. Mai ɗakin ɗaukar waƙa zai ji daɗinta. Mai yawon biki zai sha wahala.

Kenan hukuncina a kan Premier ya rabu biyu. Wadda aka yi daga kusan 1970 zuwa gaba, mai awon duniya, idan notunanta da hannun tom da ƙafafunta suna nan, ka saya ba tare da dogon tunani ba, da wuya ka sami ingancinta a wannan farashi. Ta kafin nan kuwa ta mai haƙuri ce, kuma mai wata gangar da yake aiki da ita.

Daga nan muka wuce wurin Ludwig. Sunan nan ba a banza ya yi girma ba. 'Yan'uwa biyu, William da Theobald Ludwig, suka kafa kamfanin a Chicago a 1909, amma abin da ya watsa shi duniya shi ne fitowar Ringo Starr na ƙungiyar Beatles a talabijin ɗin Amurka a watan Fabrairun 1964, da sunan a rubuce a fuskar babbar gangarsa. Tun daga nan kowane yaro Ludwig yake so. Shi ya sa ita ce aka fi yi wa ƙarya. Sitika ba ta da tsada, kowa na iya manna sunan a fata. Kada ka dubi fata, dubi bajon ƙarfe da ke kewaye da ramin iska. A shekarun 1960 ƙarami ne, ruwan tagulla, sama ya fi ƙasa faɗi. Daga 1969 ya koma karkatacce mai launin shuɗi da ruwan ganye, ya daɗe a haka har cikin shekarun 1980. Idan bajon ya ce Monroe maimakon Chicago, to bayan 1984 ne, lokacin da masana'antar ta ƙaura. Haska tocila ta cikin ramin, ka dubi zoben da ya riƙe bajon: na asali a naɗe yake sumul, wanda aka ciro daga wata ganga aka dasa yakan nuna tabon filaya.

Lambar da ke jikin bajo tana taimakawa wajen kintatar zamani, amma ba ta yanke shekara, domin ba bi da bi ake ɗauko bajojin ana maƙalawa ba. Cikin gangar ya fi faɗin gaskiya. Na shekarun 1960 falle uku ne da zoben ƙarfafawa a kowane baki, da yawa an shafe cikinsu da farin fenti, kuma sau da yawa akwai hatimin kwanan wata da tawada. Daga tsakiyar shekarun 1970 suka koma falle shida mai kauri, babu zobe. Idan Allah ya ba ka mai hatimi, don Allah kada ka bari samfefa ko fenti su kusance shi. Na taɓa ganin wadda aka shafe cikinta da fentin mai don a yi mata kwalliya, aka binne shaidarta gaba ɗaya, abin ya daɗe yana ci mini rai.

Wadda muka tarar ta gaske ce, mai bajo shuɗi da ruwan ganye, amma ta sha hannu. Babban tom babu. Wani ya cire maɗaurin asali daga kan babbar gangar, ya huda sababbin ramuka ya dasa na wani kamfani, tsofaffin ramukan kuma ya toshe da tef. Gidajen noti uku sun fashe. Mai kayan yana ta cewa, "Alhaji, wannan fa a Amurka kuɗi ce." Gaskiya ya faɗa, amma cikakkiya wadda ba a huda ba ita ce kuɗi. Ramin da ba na masana'anta ba yana kayar da darajarta a wurin masu tarawa, kuma mai kaɗawa shi ma bai tsira ba, tunda sai ya nemo tom mai launi ɗaya da gidajen noti irin nata, abin da ba ya samuwa a Kaduna sai da sa'a. Kayan ƙarfen Ludwig na wancan zamani ma, in ban da 'yan kaɗan, sirara ne, an yi su don makaɗin da ke zaune a wuri ɗaya yana taɓawa a hankali, ba don wanda za a loda wa kaya a bayan a-kori-kura kowane mako ba.

Amma a gefe, cikin wani buhu, akwai siniyarta. Jikinta duk ƙuraje, kurom ya kumbura yana ɓarewa kamar fatar da ta ƙone. Ɗan ƙanwata ya yamutsa fuska. Na ce, "Miƙo maganaɗisun." Na ɗora a jikinta, ya zame ya faɗi. Na ƙirga gidajen noti, goma. Ga kuma layin nan da ya kumburo ya zagaye tsakiyarta. Supraphonic ce, wadda ake sa wa lamba 400, inci 14 a faɗi, 5 a zurfi. Jikinta alminiyom ne da aka murza daga faranti ɗaya, babu haɗi, shi ya sa maganaɗisu ba ya kama ta, alhali kwaikwayonta na baƙin ƙarfe nan take yake mannewa. Ƙurajen kuwa halinta ne, kurom ba ya zama lafiya a kan alminiyom, kuma ba su taɓa sautinta ko kaɗan. Tana cikin siniyoyin da aka fi ɗaukar waƙa da su a duniya. Mai zurfin inci 6 da rabi, lamba 402, ita shahararren makaɗin ganga John Bonham ya riƙa kaɗawa. Tana karɓar kowace fata ta 14 da kowace waya ta kasuwa. Ƙanwarta Acrolite, mai gidajen noti takwas, wadda ba a zuba wa kurom ba, an yi ta ne don 'yan makaranta, amma ita ma in ka gan ta kada ka bar ta. A cikin duk kayan Ludwig, siniya ce ta fi dacewa da mai aiki a garin nan: ba ruwanta da gara, ba ruwanta da hunturu.

Sai ta Japan, kuma a nan dole a raba zamani biyu, don mutane na haɗa su su yi asara. A shekarun 1960 kamfanin Pearl da kamfanin Star sun yi ta ƙera ganguna masu araha suna aika wa 'yan kasuwar waje, kowa ya maƙala sunan da ya ga dama, irin su Apollo da Majestic. Rigunansu, wato robar ado da ake naɗe jikin ganga da ita, na da ƙyalli, daga nesa sai ka rantse ta Amurka ce, tunda siffar gidajen notin ma kwaikwayo ce. Jikinsu na luwan ne, wani itace mai laushi daga Filifin, siriri, ƙarfen kuma mai saurin karyewa, haƙoran notin wasu ba sa shiga da na yanzu. Idan aka gyara musu baki aka sa fata mai kyau suna da wani sauti mai ɗumi, ban musa ba. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kada ka biya kuɗin tsohuwar zuma a kansu.

Zamani na biyu dabam ne. Yamaha ya fara ganguna a 1967, Star ya koma Tama a 1974, daga ƙarshen shekarun 1970 kuma kamfanonin Japan suka sha gaban kowa a aikin ƙarfe: ƙafafu masu ninki biyu, maɗaurai masu kauri, noti mai riƙo. Recording Custom ta Yamaha, wadda makaɗin ganga Steve Gadd ya yi suna da ita, da Superstar ta Tama, duk na bac ne, kuma idan ka ci karo da ɗaya a farashin gwanjo ka rufe ido ka biya. Imperialstar ta Tama za ka gane ta da fentin nan mai ɗige-ɗige a cikinta. Pearl ma ya yi wasu na faiba a shekarun 1970, waɗanda danshi ba ya yi musu komai, sai dai nauyi da ƙara.

Ta Sabon Tasha ba ɗaya daga cikin manyan nan ba ce. Export ce, wadda Pearl ya fito da ita a farkon shekarun 1980 don masu ƙaramin ƙarfi, aikin Taiwan, baƙa, toma-tomanta masu zurfi irin na zamanin. Ba mai tarawa da zai waiwaye ta. Katakonta ba na alfarma ba ne, siniyarta ta baƙin ƙarfe tana da wata ƙara mai kaifi da ba ta da daɗi. Amma komai nata yana nan, jikin mai kauri ne babu zoben da zai saki, kuma an yi irinta da yawan da har yau kayanta ba sa wuyar samu. Hannun tom na Pearl bututu ne mai kaurin 7/8 na inci, kuma ɗimbin saitocin China da suka cika kasuwa shi suka kwaikwaya, don haka ko na asali ya karye za ka sami mai shiga. Na Tama sanda ce lanƙwasasshiya ta milimita 10.5, na Yamaha mai kusurwa shida, su biyun sun fi wuyar maye a nan, sai an aika Alaba a Legas. Wannan ɗan bambanci, da ba ya fitowa a hoto, shi ne ke raba wanda zai yi aiki ranar Asabar da wanda zai tafi aro.

Kowacce ka zaɓa, akwai gwaji biyu da ba a tsallakewa. Na farko, cire fata da zobe, ka auna faɗin baki ta wurare uku ko huɗu. Idan awon ya saɓa da abin da ya wuce 1/8 na inci, gangar ta zama ƙwai, ba za ta ɗauru daidai ba, kuma gyaran wannan ba shi da tabbas. Na biyu, kifa ta a kan gilashi mai kauri ko shimfiɗaɗɗen tayil, ka sa tocila a ciki, ka kashe fitila. Duk inda haske ya leƙo ta ƙarƙashi, leɓen gangar ya cinye a nan. Ɗan kaɗan yana gyaruwa: a manna samfefa mai laushi a kan gilashin, a riƙa juya gangar a hankali, sannan a mayar da gangaren leɓen da hannu. Amma ka ja kunnen kafinta a kan ƙasan siniya. Akwai wurare biyu da aka rage da gangan don wayoyi su kwanta. Idan ya ga haske a nan ya ce zai daidaita, ya kashe ta.

Yanayin Kaduna ba ya wasa da siririn katako. Daga Mayu zuwa Oktoba yana shan danshi ya kumbura, daga Nuwamba iskar hunturu ta tsotse shi ya tsuke, shekara hamsin ana haka tsohon gam dole ya gaji. Shi ya sa a Premier da Ludwig masu zobe za ka bi bakin da farce kana dannawa, ka ji inda ya saki. A zuba farin gam na kafintoci da sirinji, a matse da maɗauri da ɗan katako a tsakani, a bar shi kwana ɗaya, shi ke nan. Wanda ba shi da magani shi ne gefen da ya kwana shekaru a kan siminti mai danshi har ya ruɓe, ko wanda gara ta ci ta bar ɓawo. Ƙwanƙwasa da yatsa, lafiyayyen katako yana amsawa, cinyayye shiru yake.

Ƙarfe kuma kashi biyu ne, kuma rashin sanin wannan ya taɓa jawo mini asara. Notunan ɗauri da ƙafafu da bututu baƙin ƙarfe ne: a jiƙa su a kananzir su kwana, a goge da buroshi, masu tsatsa sosai a sa su a binega na 'yan awoyi, a ɗauraye, a shanya, a shafa giris. Waɗannan masu sana'ar Panteka za su miƙe maka su, su yanka sabon haƙori, su ƙera wanda ya ɓata idan ka kai samfur. Gidajen noti da yawancin maɗaurai kuwa zubin tutiya ne, wanda ke narkewa a wajen digiri 400. Shekarun baya na kai wa wani mai walda maɗaurin tom da ya tsage, ya ce minti biyar ne. Yana kai wuta, abin ya zube a gabana kamar dalma. Ba a walda shi. Ko dai ka samo wani daga mushen ganga irinta, ko masu zubin tukwane su kwafa maka da alminiyom, ya fito da kaushi amma ya riƙe. Saboda haka idan ka ga ruɓaɓɓiyar ganga irin taka a wurin 'yan gwangwan, saye ta don ƙarfenta.

Kurom ba ya son soson ƙarfe na wanke-wanke, karce shi yake har abada. Ruwan sabulu, sai takardar alminiyom da aka dunƙule aka jiƙa, ana shafawa a hankali, ita ke ɗauke ɗigon tsatsa.

Maganar riga ita ce inda ra'ayi ke rabuwa. Ni a wurina, Ludwig ko Premier da rigarta ta asali ke nan, ko ta koɗe ta yi rawaya, a wanke a manna inda ya ɗaga da gam ɗin masu takalmi, a bar ta da shekarunta. Na Ludwig na shekarun 1960 ma bakin rigar a cikin haɗin katakon yake cuse, cire ta aiki ne mai haɗari. Kuma tsofaffin riguna masu ƙyallin lu'ulu'u suna kama wuta da sauri, kada a kusanto da garwashi ko wutar gas don a tausasa gam. Export kuwa ba abin da za ka rasa idan ka sake mata. Masu sitikar mota za su naɗe maka da araha, kuma siririyar sitika ba ta ƙara kaurin da zai hana fata zama, ko da yake tana saurin karcewa.

Ƙafafun faifan tagullar da ake bugawa, da fedar babbar ganga, ba na yi musu kara. Tsofaffin na Premier masu shimfiɗaɗɗen gindi suna da kyau da sauƙin ɗauka, amma a filin biki mai iska da yara masu guje-guje faɗuwa suke. Fedar Speed King ta Ludwig, mai sifirin a ɓoye cikin ginshiƙanta, tana dawowa da rai idan aka kwashe busasshen giris aka sa sabo, sai dai kukanta yana shiga makirfo. Ajiye su a gida, ka fita aiki da na Japan. Faifan tagulla kuma ka ɗaga shi a haske ka bi gefe da ramin tsakiya. Mai tsaga ba ya warkewa, ko na kamfanin Zildjian ne ko na Paiste.

A hanyar komawa, cikin keke, ya yi shiru har muka wuce gada. Sannan ya ce, "Kawu, kenan Pearl ɗin." Na ce ita, amma a sayar da siniyarta a cika a sayo ta cikin buhun nan. Mai gwanjo ya ƙi rabawa da farko, sai da muka koma sau biyu ya yarda. Mun kwana uku muna kwance notuna a tsakar gida, kowane gida da robarsa don kada su cakuɗe, muka cusa auduga a cikin gidajen notin don sifirin ya daina zuga, aka sa sababbin fatu sama da ƙasa. Asabar ta biyu ya fita da ita aiki a Narayi.

Premier ɗin kuwa ban iya barinta a siton ba, na koma na yi ciniki da hukumar makarantar na ɗauko. Zoben tom ɗin na 16 yana wurin wani mai ɗinkin kalangu a Tudun Wada, ya ce in bari sai ruwa ya ɗauke kafin ya naɗa fatar.